Magana a Kan Cin Ranin da Ba Ya Ƙarewa

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare shi muke neman dacewa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa malamai da almajirai na ƙasar Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata gardama ce da take tashi a zaurukanmu kowace shekara idan an gama girbi. Duk wanda ya tsaya a Kwanar Dangora bayan kaka ya ga yadda samarinmu suke cika motoci, waɗansu su nufi Ikko, waɗansu Fatakwal, waɗansu Abuja, waɗansu kuma su ƙetare iyaka zuwa Kwatano da Lome da Ankara ta ƙasar Gana. Malamai sun rabu biyu a kan wannan. Kashi ɗaya suna cewa a hana, tafiyar nan ita ta lalata yara. Kashi ɗaya suna cewa a ƙyale su, ai da kuɗin da suke aikowa ake sayen taki, ake rufin kwano. Ni kuwa, a ganina, duka biyun sun bar wurin da ciwon yake. Tafiya tsohon abu ce gare mu, abin da ya sake shi ne komowa. Dā mutum yana fita da ranar dawowarsa a bakinsa, yanzu ranar tashi kaɗai ya sani. Zan kawo hujjata daga labarin kakanninmu, da na maƙwabtanmu waɗanda suka fito daga mulkin gurguzu, da na waɗansu ƙasashen Turai, mai hankali ya auna.

Fasali na farko, a kan yadda tafiya take a dā

Ku sani, Allah ya yi muku albarka, Bebeji garin fatake ne tun kafin zuwan Nasara. Daga nan Agalawa suke haɗa ayari zuwa Gwanja, su ɗauki kanwa da tufafin rini da ƙiraga, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Borgu da Zugu har kasuwar Salaga, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni masu yawa, ga 'yan fashi, ga fito, ga kuɗin hanya da sarakuna suke karɓa. Amma ayari yana da madugu da jagaba da uban dawaki, kuma kowane zango akwai mai masauki wanda ya san baƙonsa, ya san ubansa, yana tsaya masa a ciniki da shari'a. Alhassan Dantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ta wannan hanya ya tashi. Ya yi fataucin goro har Kumasi da Ankara, sa'an nan bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya komo da abin da ya samu ya shiga cinikin gyaɗa, kuma a Kano ya rasu a 1955. Dukiyar da aka nemo a Gwanja a ƙasar Kano ta yi saiwa.

Talaka kuma yana da nasa, watau cin rani. Manomi ya gama girbi, ya liƙe rumbu, ya tafi birni ko aikin kuza a Jos ko Riruwai, domin ya rage wa rumbun baki ɗaya, ya samo kuɗin haraji da na tufafi. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas sai ka gan shi da ƙunshinsa. Haka malami yake ɗaukar almajiransa bayan kaka ya tafi da su gabas, damina na faɗuwa ya komo da su su yi noma. Mu da muka yi wannan tafiya da allo a rataye mun san cewa ba wanda yake tambaya ko za a dawo. Yaushe za a dawo, shi kaɗai ake tambaya.

To, ka riƙe abu uku daga wannan fasali, ya kai mai karatu. Tafiyar dā tana da lokaci, tana da shugaba, tana da abin da ake komowa da shi gida.

Fasali na biyu, a kan maƙwabtanmu da ƙofar da aka buɗe

Mulkin gurguzu shi ne gwamnati ta riƙe banki da masana'anta da babban ciniki a hannunta, ta yanka farashi da kanta, ta hana ɗan kasuwa sakewa. Waɗansu maƙwabtanmu sun ɗanɗana shi. A Gini, Seku Ture ya yi mulki daga 1958 zuwa 1984, ya matsa wa 'yan kasuwa har matan kasuwa suka yi masa bore a 1977, jama'a masu yawa suka gudu Sanagal da Kwaddebuwa. A Dahomi, Matiyu Kereku ya karɓi mulki a 1972, ya shelanta bin gurguzu a 1974, ya sake wa ƙasar suna zuwa Benin a 1975, ya mayar da bankuna da cinikin man fetur hannun gwamnati. Gana ma ta bi wani yanki na wannan tafarki zamanin Nkrumah har aka kifar da shi a 1966.

Cikin wannan zamani ne aka kafa ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, wadda mutanen Nijar suke kira CEDEAO, a Ikko ranar 28 ga Mayu 1975. A 1979 shugabanninta suka sa hannu a Dakar cewa ɗan kowace ƙasa cikinsu yana iya shiga ɗaya ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Sa'an nan aka ƙara yarjejeniyar zama a 1986, da ta kafa sana'a a 1990.

A farkon al'amarin ruwa wajenmu yake gangarowa. Nijeriya tana cikin kuɗin man fetur, a 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya a farashin gwamnati, ƙasashen da gurguzu ko fatara ta tsotse suka tuɗo mana mutanensu, malaman makaranta da magina da teloli da 'yan dako. Daga baya sai ruwan ya juya. Bankunan Benin suka durƙushe, ma'aikata suka yi watanni babu albashi, Kereku ya bar gurguzu a Disamba 1989, aka yi taron ƙasa a Fabrairu 1990, Nisefo Soglo ya ci zaɓe a 1991. Aka saki ciniki, tashar jirgin ruwa ta Kwatano ta zama ƙofar shinkafa da gwanjo da tsofaffin motoci, waɗanda mafi yawansu Nijeriya suke nufa, waɗansu ta Seme, waɗansu su hau arewa ta Faraku da Malanbil da Gaya, su bi ta Maradi su shigo mana ta Jibiya. A wajenmu kuwa naira ta kama gangara tun 1986, kuma ko da yake an rage darajar sefa da rabi a Janairu 1994, a 2024 sefa 1,000 ta haura naira 2,000.

Wannan lissafi ba sai yaro ya yi boko yake gane shi ba. Ya ga wanda ya tafi Kwatano dako ko sayar da shayi ya canza abin da ya samu ya zo da damin naira, shi ke nan zance ya ƙare. Ƙasar da mutanenta suke zuwa mana neman aiki shekarun baya, ita samarinmu suke nufa. Sai dai saurayin yau ba shi da madugu, mai masaukinsa lambar waya ce da wani ya ba shi a tasha, kuma aikin da ya samu bai san rani da damina ba. Mai gadi ba ya barin ƙofa domin an yi ruwan shuka a Doguwa. Mai acaɓa da yake biyan babur kullum ba ya ajiye shi wata huɗu. Ta nan cin rani ya zama zaman dindindin ba tare da kowa ya yanke shawarar haka ba.

Fasali na uku, a kan abin da ya sami gabashin Turai

Idan kana son ka ga ƙarshen hanya, tambayi wanda ya riga ka bi. Ƙasashen gabashin Turai sun zauna ƙarƙashin gurguzu kusan shekara 45, ba ciniki kaɗai aka tsare musu ba har da ƙafa, domin fita ƙasa sai da izini mai wuyar samu. A 1989 mulkin ya rushe. Ranar 1 ga Mayu 2004 ƙasashe 10 suka shiga Tarayyar Turai, 8 daga cikinsu tsofaffin 'yan gurguzu ne, babbarsu ita ce Folan. Romaniya da Bulgariya suka biyo a 2007. Dokar tarayyar kuwa ita ce ɗan kowace ƙasa yana iya aiki a ɗaya ƙasar. Jamus da Ostiriya suka jinkirta wannan har 2011, amma Ingila da Ailan da Suwidin suka buɗe tun ranar farko.

Masu lissafin da gwamnatin Ingila ta sa sun ce baƙin ba za su wuce 13,000 a shekara ba. Ga abin da ya faru: haifaffun Folan da suke zaune a can a 2001 kimanin 60,000 ne, a 2016 sun kai kimanin 900,000. 'Yan Romaniya suka cika gonaki da wuraren gini na Italiya da Sifen. Bulgariya da take da mutum miliyan 8.9 a ƙidayar 1985 ta koma miliyan 6.5 a ta 2021. Romaniya daga miliyan 22.8 a 1992 ta koma kimanin miliyan 19 a 2021. Adalci ne in faɗa cewa ƙarancin haihuwa yana da nasa kaso a wannan raguwa, amma su biyun 'yan gida ɗaya ne, domin masu shekarun haihuwa su ne suka tafi.

Darasi huɗu na ɗauka daga labarinsu. Na farko, idan an buɗe ƙofa tsakanin ƙasa mai tsadar lada da mai arha, ba rago ne yake fita ba, mai ƙarfi da mai sana'a su suke fara tashi. Likitoci da masu jinya da magina suka tafi, asibitocin ƙauye suka rasa ma'aikata. Na biyu, kuɗi yana komowa, hannu ba ya komowa. An gina manyan gidaje a ƙauyukan Romaniya waɗanda ba a kwana cikinsu sai wata ɗaya a shekara, yara suna tashi a hannun kakanni. Na uku, gurbin da aka bari wanda ya fi talauci ne yake cike shi. Bayan 2014 ɗaruruwan dubban 'yan Yukiren suka shiga Folan suna yin aikin da 'yan ƙasa suka bari. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin ni da idona na ga gonar shinkafa a ƙasar Tudun Wada wadda 'ya'yan mai ita suna Ikko, masu yanke ta kuwa daga ƙasar Damagaram suka zo. Na huɗu, kuma shi ne mafi amfani, ƙasashen ba su zama ɗaya ba a ƙarshe. Folan ta yi hanyoyi da masana'antu da kuɗin tarayya da na masu zuba jari, lada ya tashi a gida, bayan 2017 adadin mutanenta a Ingila ya ragu, da yawa suka komo da sana'a da jari. Inda ba a gina abin da za a komo a tarar ba, ƙauyuka suka zama na tsofaffi.

Fasali na huɗu, amsa ga ɓangarorin biyu

Idan ka ce mini, ya malam, tun da haka ne a hana su fita, sai in ce da me za ka hana? Gurguzu da sojansa da katangarsa bai iya tsare mutane ba sai na ɗan lokaci, da aka sassauta suka fita kamar ruwan da aka datse. Saurayin da gonar ubansa aka raba ta gida takwas, ba shi da aikin yi daga Disamba zuwa Mayu, ga aure a gabansa, wa'azi ba ya zaunar da shi. Kuma neman halal a wata ƙasa ba laifi ba ne, da laifi ne da kakanninmu na Bebeji su ne farkon masu laifi.

Idan kuma ka ce a bar su kurum, ai ƙofa a buɗe take, sai in ce ƙofar da sarakuna suka buɗe da alƙalami, da alƙalami suke rufe ta, kuma ba sa shawara da ɗan dako. Ka ƙirga tare da ni. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, Hausawa da Yarabawa waɗanda waɗansunsu a can aka haife su suka bar gidaje da rumfuna. A Janairu 1983, shekara huɗu ba ta cika ba da yarjejeniyar Dakar, mu ma muka kori baƙi da aka ƙiyasta sun kai miliyan 2, kusan rabinsu 'yan Gana. Daga 1984 zuwa 1986 iyakokinmu na ƙasa a rufe suke. A Agusta 2019 aka sake rufewa har Disamba 2020. Dokar Gana ta 2013 ta keɓe ƙaramin ciniki a kasuwa ga 'yan ƙasa, aka kulle shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka rufe iyakar da take tsakanin Katsina da Maradi, 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris 2024. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS. Turai ma haka: Ingila ta zaɓi fita daga tarayya a 2016, a ƙarshen 2020 ta rufe ƙofar da ta buɗe a 2004. Wanda ya sayar da gonarsa ya yi kuɗin mota saboda ya dogara ga wannan ƙofa, ranar da aka rufe ta ina zai nufa? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kuma akwai abin lura a rufewar 2019. Shinkafar waje ta yi wuya, ta gida ta yi daraja, injinan casa suka yawaita a ƙasar Kano, kasuwar Tudun Wada ta cika. A wannan lokaci na ga samari da yawa da suka saba tashi bayan kaka sun zauna. Ba na yabon rufe iyaka, domin talakan da yake sayen mudu ya sha wuya ƙwarai. Abin da nake nunawa shi ne yaranmu ba ƙin gida suke yi ba, da aiki ya samu a gida sun zauna ba tare da an roƙe su ba.

Fasali na biyar, a kan abin da yake hannunmu

Yarjejeniyar ƙasashe ba a hannunmu take ba, darajar naira ma haka. Amma abu ukun nan na tafiyar dā muna iya mayar da su.

Lokaci. Kada uba ya sallami ɗansa, kada malami ya sallami almajirinsa, sai an faɗi watan komowa a gaban shaidu. Mai mata ya fi kowa buƙatar wannan. Littattafan fiƙihu na mazhabar Maliku sun ba matar da aka bari babu ciyarwa damar kai ƙara gaban alƙali, kuma mu malamai mun san yawan matan da suke zuwa zaurukanmu da kuka, miji ya shekara biyu ko uku, sai saƙon kuɗi jefi-jefi ta waya. Kuɗin waya ba ya tarbiyyar yaro, ba ya zaman makoki.

Shugaba. Kowane gari da yake da 'ya'ya a Kwatano ko Ikko ko Ankara ya san dattijo ɗaya a zangon can wanda za a damƙa masa yaro, ya san inda yake kwana da abin da yake yi. Kuma kada yaro ya ƙetare iyaka sai da takarda a hannunsa, katin ɗan ƙasa da fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da katin allurar shawara. Waɗanda aka kora a 1969 da 1983, da rashin takarda aka kafa musu hujja. Kwana 90 na yarjejeniya kwana 90 ne, wanda zai wuce haka ya nemi izinin zama.

Abin komowa. A nan laifin namu ne, mu masu allo, kuma ban cire kaina ba. Muna riƙe yaro shekara goma, ya yi sauka, ya fita ba ya iya ɗinki, ba ya iya gini, ba ya iya gyaran injin ban-ruwa, sai ƙarfin ƙirjinsa kaɗai zai kai kasuwa. Magini ɗan Folan ya tafi da sana'a ya komo da jari. Ɗan dako yana tafiya da ƙarfi, ya komo da ciwon baya. Malaman dā da yawa maɗinka ne, marina ne, fatake ne, ba su ga ƙasƙanci a wannan ba. Kowace tsangaya ta haɗa manyan almajiranta da mai sana'a a gari, rana biyun da ba a karatu, Alhamis da Juma'a, sun isa a fara.

Sa'an nan kuɗin da ake aikowa. Kada duka ya ƙare a biki da babur da rufin ɗakin da ba mai kwana ciki. A ware kaso a haƙa rijiya a fadama, a sayi injin ban-ruwa, a fanshi gonar da aka jinginar. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako a ƙasar Bebeji take kwance, amma mafi yawan filayen da ruwanta yake shayarwa suna Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma kowa ya san yadda rani yake a can, tumatir da alkama da albasa da shinkafa, ma'aikata har nema ake yi. Haƙƙi ne a kan masu magana da yawunmu su nemi a faɗaɗa noman rani a ƙasashenmu huɗun nan, kuma haƙƙi ne a kanmu mu tambaye su wannan kafin mu tambaye su kujerar Makka ko buhun taki. Garin da yake da aikin rani ba ya buƙatar a yi wa samarinsa wa'azin zama.

Wannan shi ne abin da na gani. Duk malamin da yake da hujjar da ta fi tawa, ya rubuto a wannan takarda mu karanta, in na ga gaskiya tare da shi zan bi. Amma ina roƙon kowane mai karatu abu ɗaya: bana idan an gama girbi, wanda duk ya zo yi maka sallama, kafin ka yi masa addu'ar hanya ka tambaye shi watan da zai dawo, da wurin wanda zai sauka, da abin da zai kawo wanda ba ya ƙarewa a mako ɗaya. In ya rasa amsa, ka zaunar da shi har ya samu.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya sa albarka a gonakinmu. Haza wassalam.